Maganar Cikin Mota

Ƙarfe goma da rabi na safiyar Asabar aka kira ta. Tana zaune a bencin asibitin ido, jakar Inna a cinyarta, ana kiran lamba ta goma sha tara su kuma suna riƙe da ta arba'in da ɗaya. Mai Wayoyi ne, abokin aikinta, kuma tun daga gaisuwarsa ta san ba lafiya ba.

"Ranki ya daɗe, Akwati ya ƙi tashi."

"Wa ya kwantar da shi da zai ƙi tashi?"

"Masu lantarki ne suka zo canjin batura. Shugaba ya ce a kashe komai su yi aikinsu a tsanake. Na kashe shi yadda littafinsa ya ce, wallahi ko layi ɗaya ban tsallake ba. Yanzu mun kunna, sai tambayar makulli yake yi."

Ta rufe ido. Ba ta tambaye shi wane makulli ba, don ta sani, ta kuma san inda yake. Ta kira matar ƙaninta ta zo ta zauna da Inna, ta tari tasi, duk hanya tana cizon leɓe har direban ya gaji ya daina jan ta da hira.

Kamfanin nasu rarraba magunguna yake yi ga asibitoci da shagunan magani. Duk abin da kamfanin ya sani, wane kwali ne a wane sito, wace mota ce za ta kai shi ina, wane magani ne ya kusa lalacewa, yana cikin na'urorin da ke wani ɗaki mai sanyi a hawan ƙasa. A da layi uku ne na na'urori a ɗakin, da mutane kashi uku: masu injinan aiki, masu wayoyi, da masu ma'ajiyar bayanai, waɗanda ita ce shugabarsu. Kashi ukun nan ba sa ga maciji da juna. In abu ya lalace sai an yi awa biyu ana nuna wa juna yatsa kafin a kama gyara. Amma wannan rashin jituwar yana da ranarsa, domin ba mai kashe ko da fanka a ɗakin sai duka ukun sun sa hannu.

Sai bara aka kawo Akwati. Kabad ne guda ɗaya, baƙi, ya ɗan fi mutum tsayi, an haɗa injinan da wayoyin da ma'ajiyar a cikinsa tun daga masana'anta, kuma allo ɗaya ke juya shi gaba ɗaya. A faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Abin da ke cin mako biyu ya koma na rabin awa, ita kanta ta yarda da haka, ko da yake da ƙyar ta faɗa da baki. Mutum goma sha ɗaya suka koma huɗu, sauran aka watsa su wasu sassa. Sa hannun mutum uku kuwa ya bi tsofaffin na'urori, aka daina ko maganarsa.

Wanda ya kawo Akwatin, wanda kuma aka ɗora a kan sashen duka, ƙaninta ne, autansu, wanda ta ba wa shekara goma sha huɗu. A ofis Shugaba ake ce masa. Ita kuwa A-Rubuce ake kiranta, da farko a bayan idonta, daga baya har a gabanta, kuma ba ta taɓa jin haushin sunan ba. Shekara ashirin da biyu ba ta taɓa zare ko da waya ɗaya ba sai an ba ta umarni a takarda. Darakta da kansa ya taɓa tsayawa a kanta yana kumfar baki wai ta goge wasu bayanai yanzu-yanzu. Ta ciro biro daga jaka ta miƙa masa, ta ci gaba da abin da take yi har ya rubuta.

Da ta shiga ɗakin sanyi, fankokin Akwati na ta huci kamar ba abin da ya faru. Fitilun sama kore ne, na ƙasa inda ma'ajiya take duk sun yi ruwan ɗorawa. Auta na can kusurwa da waya a kunne yana magana da masu sayar da Akwatin, ya ɗaga mata hannu. Ba ta ɗaga nata ba.

"Ni fa ban gane ba," in ji Mai Wayoyi, yana nuna mata allo. "Wane makulli yake nema?"

Ta yi masa bayani a taƙaice, muryarta a bushe. Ma'ajiyar a kulle take da makullin sirri, don ko ɓarawo ya zare faifai ya gudu da shi kada ya karanta komai. Duk lokacin da aka kunna ta bayan an kashe, sai ta nemi makullin daga wata 'yar na'ura da ba ta da aikin komai sai riƙe shi. A da 'yar na'urar tana waje, ita kaɗai a kan kanta. Wata biyar da suka wuce aka kwashe abin da ke cikinta aka zuba a Akwati kamar yadda aka yi wa sauran, ita kuma aka goge ta aka ba masu gwangwan. Muddin Akwati na kunne, ba wanda zai lura. Yanzu da aka kashe shi, ma'ajiya na jiran makulli, makulli kuma yana kwance a cikin ma'ajiya. Daidai yake da mutum ya jawo ƙofa ta datse, makullinsa na kan tebur a ciki.

Mai Wayoyi ya buɗe baki. "To wane mai hankali ne ya sa shi a ciki?"

"Akwai kwafin rajistar ayyuka a kwamfutarka. Ka duba mana, ai ka iya karatu."

Ya duba. Ta ga lokacin da idonsa ya kai kan sunanta, ta ga yadda ya yi saurin kawar da kai yana gyara wata waya da ba ta buƙatar gyara. Kunyar da ya ji dominta ta fi zagi ƙona mata rai.

Ita ce ta mayar da shi, da hannunta, ranar wata Alhamis da safe. Abin da rajista ba ta rubuta ba shi ne yammacin Larabar da ta gabata. Motarta na wurin makanike, Auta ya rage mata hanya. Suna cikin cunkoso a mahaɗar da ke gaban gidan mai, matarsa na ta kira don 'yarsu ƙarama na zazzaɓi, idanunsa sun yi ja saboda rashin barci. Ta ce masa 'yar na'urar makulli fa a bar ta a waje, bai kamata ta shiga ciki ba. Yana leƙen madubi yana neman hanyar kutsawa ya ce, "Yaya, don Allah ki mayar da ita ciki kawai. Darakta na son tsohon ɗakin nan ya zama fanko ranar Juma'a. Daga baya ma gyara."

Har ta buɗe baki za ta faɗi abin da take faɗa wa kowa. Sai ta dubi gefen fuskarsa, ta ga yaron da ta goya, ta ji nauyin ta ce wa ɗan uwarta ya rubuta mata takarda kamar bare. Ba ta nemi takarda ba. Sau ɗaya ke nan a shekara ashirin da biyu.

Bayan haka ma ba ta rubuta wa kowa ba. In ta rubuta cewa makulli na cikin haɗari, dole a tambayi wanda ya ce a sa shi a can, kuma sabon shugaba ne da idon kowa ke kansa, wasu ma jira suke ya yi tuntuɓe. Ta bari sai ayyuka sun lafa su gyara tsakaninsu, ba mai ji ba mai gani. Ayyuka ba su lafa ba. Kuma wa ya taɓa tunanin za a kashe ɗaki guda ba a tambaye ta ba?

Auta ya gama waya ya taho yana shafa ƙeya. "Sun ce ba abin da za su iya. Wai ai shi ne amfanin kullewar, ko su ba sa iya fasa ta. Yaya, akwai wata dabara?"

Ta dube shi daga sama har ƙasa. Ta jira ya ƙara wani abu, ko da kalma ɗaya ce. Bai ƙara ba.

"Akwai kaset," ta ce.

Duk Alhamis takan kwafe komai a kaset ta aika can sito na bayan gari. Tun zuwan Akwati ake ce mata wannan aikin mutanen da ne, ta daina, ita kuma ta ce a rubuta mata, kuma ba wanda ya sami sukunin rubutawa. Aka tura mota ta kwaso kaset tara. Aka nemi na'urar da za a zuba makullin a kai aka rasa, duk an sayar, sai wata tsohuwa da Mai Wayoyi ke ɗora ƙafa a kanta a ƙarƙashin teburinsa. Aka jawo ta aka busa mata iska, ƙura ta turnuƙe ofis. Sannan aka gano cewa jerin da ke nuna wane kaset ne ke ɗauke da me, shi ma yana cikin Akwati. A nan ne ta yi wata dariya da ta sa Mai Wayoyi ja da baya. Ba makawa sai an karanta kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, kowanne awa biyar zuwa shida.

Ta tagar matakala ana hango farfajiyar lodi. Da azahar motoci shida ne a tsaye, kafin la'asar sun zama goma sha bakwai. Direbobi sun baje a inuwar katanga, wasu na danna oda don neman fitina kawai. Ma'aikatan sito na bin kantoci da takarda da biro suna neman kwalaye da ido, a cikin sito mai kanta ɗari huɗu. Wata ma'aikaciyar jinya daga wani ƙaramin asibiti ta kira sau goma sha ɗaya tana tambayar allurar masu ciwon sukari, har aka rasa mai ƙarfin halin ɗaukar wayar. Duk wanda ya wuce A-Rubuce a matakala sai ya gaishe ta da ladabin da ya wuce kima, ta san magana ta riga ta zaga.

Auta kuwa sai hidima. Ya kawo mata shayi, ya kawo ruwa, ya cire rigar sanyinsa ya rataya mata a bayan kujera. Duk shigowa sai ya ce, "Sannu, Yaya." Kowace sannu sai ta ji kamar ya watsa mata ruwan zafi. Toshiyar baki ce, ta ce a ranta. Yana lallaɓa ta ne don ta haɗiye maganar, kamar yadda ta saba haɗiye komai nasa. Ta rantse a zuciyarta ba za ta tuna masa ba. Shi ya faɗa, shi zai buɗe baki, in dai akwai sauran kunya a idonsa.

Ranar Lahadi da yamma ta bar kaset na biyar yana juyawa ta je gida ta yi wanka ta canza kaya. Ta tarar da Inna a tsakar gida, an manne mata ido ɗaya da auduga, rediyo na gefenta yana ta surutu shi kaɗai.

"Auta ya leƙo ɗazu," in ji Inna. "Yaron nan duk ya zabge, ko ruwa bai sha ba."

"Ni kuma ƙiba na yi, ko Inna?"

"Ke da wa kuma? Daga magana?"

Ba ta yi niyyar faɗa ba, amma abin ya cika mata ciki. Ta zauna a bakin tabarma ta zayyana mata komai, makullin, motar, da rajistar da ke ɗauke da sunanta ita kaɗai. Inna ta saurara tana murza gefen zaninta. Ba ta gane Akwati ba, amma ta gane inda maganar ta dosa.

"To ai ke ce babba," ta ce a hankali.

"Na san za ki faɗi haka."

"Shi yanzu ya fara, ga ƙananan yara. Ke kuwa kowa ya san ki a wurin nan, ba abin da za su yi miki."

"Inna, tun ina 'yar shekara sha huɗu nake babba. Ya fasa gilashin maƙwabta, ni aka daka don ban kula da shi ba. Ya faɗi jarrabawa, ni na bar barcina ina koya masa. Takardar neman aikin nan da yake taƙama da shi, a ɗakin can na cika masa ita yana kwance yana danna waya. Yanzu shekararsa talatin da uku, gemu har ƙirji, mutane na rusuna masa. Wai sai yaushe ne zai girma? Ko sai na mutu?"

"Rufe min baki! Ni ban ce ki yi ƙarya ba. Cewa na yi ki yi shiru."

"Ba ni da gida, ba ni da 'ya'ya, Inna, ban tara komai ba. Sunan nan kawai na tara, a ce in ta taɓa abu to da izini ta taɓa. Shi ma in ba shi?"

Inna ta juya mata gefen idon da aka manne, ta ƙara muryar rediyo. A-Rubuce ta ɗiga mata maganin ido kamar yadda likita ya ce, ta ɗauki jaka ta koma.

A kaset na takwas aka sami makullin, ranar Litinin bayan la'asar. Ta zuba shi a tsohuwar na'urar, ta haɗa ta da Akwati, fitilun ƙasa suka shiga komawa kore ɗaya bayan ɗaya. Mai Wayoyi ya daka tsalle kamar ba mai jika ba. Daga farfajiya aka fara jin motoci na tashi. Auta ya jingina da bango ya sauke numfashi, ya ce, "Yaya, Allah ya bar mana ke." Ta tattara kaset ɗinta ta jera su a kwali, ko kallonsa ba ta yi ba.

Ranar Laraba Darakta ya kira taro a ɗakin sama. Mutum biyar ne: shi, da sakatariyarsa mai rubuta abin da aka faɗa, da Mai Wayoyi, da Auta, da ita. Darakta bai ɓata lokaci ba. Ya lissafa asibitocin da suka kwana biyu ba magani, da biyun da suka ce sun bar kamfanin ke nan. Sannan ya jawo takardar rajista ya karanta rana da lokaci da sunanta.

"Ke kika mayar da shi ciki?"

"Ni ce."

"Wa ya ba ki umarni?"

Ta ɗora hannuwanta a kan tebur ta dubi ƙaninta. Ta ba shi lokaci, lokaci mai yawa, har sakatariya ta ɗago kai daga rubutu. Shi kuwa ya zuba mata ido, fuskarsa a sake, da ɗan tausayi ma a ciki, yana jiran amsarta kamar yadda kowa ke jira. Wannan kallon ne ya ƙarasa ta. Raini har ya kai haka? 

"Shugaban sashe ne ya ce in mayar."

Auta ya waiga bayansa, kamar akwai wani shugaban a can. "Ni? Yaushe?"

"Ranar Laraba, kwana biyu kafin a kwashe tsohon ɗaki. A motarka, a mahaɗar gaban gidan mai. 'Yarka na zazzaɓi. Na ce a bar shi a waje, ka ce in mayar kawai, Darakta na son ɗaki fanko ranar Juma'a, daga baya ma gyara."

Ya haɗa gira. Ya dafe goshi da yatsu biyu, yana lalube a ransa. "Na tuna zazzaɓin," ya ce a hankali. "Na tuna na kai ki gida, har na tsaya sayen magani a hanya. Amma maganar makulli..." Ya girgiza kai. "Ranka ya daɗe, yayata ba ta ƙarya. In ta ce na faɗa, mai yiwuwa na faɗa, kuma in haka ne laifina ne. Amma ni dai ban tuna ba."

Ita ta raine shi, ta san ƙaryarsa kamar yadda ta san tafin hannunta. In yana ƙarya bakinsa gudu yake yi, ya jero hujja biyar inda ake neman ɗaya, ya yi rantsuwa tun ba a tambaye shi ba. Ta zuba ido tana neman ko alama ɗaya daga ciki. Babu. Mutum ne kawai zaune yana ƙoƙarin tuna abin da ya faɗa yana leƙen madubi, kuma abin bai zo masa ba. Shayin nan da rigar sanyin nan ashe ba toshiyar baki ba ne, tausayin yayarsa yake ji da ta yi kuskure a gaban jama'a. Sai ta ji sanyi ya ratsa ta, wanda ya fi na ɗakin ƙasa.

"Akwai takarda?" in ji Darakta.

"Babu."

"Ke?" Ya cire tabarau. "Ke da kika tsayar da ni a gaban ma'aikatana kika miƙa min biro? To bar wannan. Kin san abin da zai faru in aka kashe Akwati?"

"Na sani."

"Wata biyar kin sani. Me ya hana ki rubuta wa wani? Ni, ko shi, ko ma wannan bawan Allah da kika bari ya danna da hannunsa?"

Amsar na bakinta. Ta dubi wanda ta yi shirun dominsa, ta ga shi ma amsar yake jira, da gaske yake son ya ji dalili. In ta faɗa, kowa zai ce ta rasa mafita ne take ƙara jingina masa. Mai Wayoyi ya yi gyaran murya ya ce ai ita ce ta ceto su da kaset ɗinta, Darakta ya ce ya sani, ba maganar da ake yi ke nan ba. Sakatariya ta rubuta cewa ba ta ba da amsa ba.

Ba a kore ta ba. An ce saboda shekarun da ta yi, za a mayar da ita sito na bayan gari ta ci gaba da kula da kaset, tunda ta iya su. An cire hannunta daga Akwati daga ranar. Rahoton da za a kai wa masu kamfani ya ce ma'aikaciyar ta yi canjin ba tare da izini ba, kuma ta ɓoye haɗarin da ta sani. Ta karanta layin sau biyu tana neman inda za ta ce ba haka ba ne, ta rasa. Ta sa hannu, biron har ya huda takardar. Ta cire katin shiga daga wuyanta ta ajiye a gaban sakatariya ta fita.

Ta kusa ƙarshen baranda ta ji takunsa a bayanta.

"Yaya! Yaya, don Allah ki tsaya. Zan je in same shi shi kaɗai, zan ce a raba laifin. Amma wallahi ban tuna ba. Ki yarda da ni."

Ta juyo. "Na yarda."

Kafaɗunsa suka sauka, har fuskarsa ta fara washewa.

"Kada ka yi min murmushi," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Da ƙarya kake yi, da na ce tsoro ne ya kama ka, da kafin in kai ƙofar can na yafe maka. Wata biyar ina kwana ina tashi da maganar nan a ƙirjina don kada a ga gazawarka. Na zubar da abin da na yi shekara ashirin da biyu ina tarawa a kan magana ɗaya taka. Kai kuwa ko sanin ka faɗe ta ba ka yi ba. Ka jefo ta ne kawai kamar yadda kake jefo min komai, don ka san akwai mai ɗauka."

Ya tsaya hannuwa a sake, idanunsa sun ciko. "To yanzu me kike so in yi?"

"Ka ji ko? Har yanzu ni kake tambaya."

Ta juya ta tafi. Ƙofar gilashin da ke ƙarshen barandar sai da kati take buɗewa, shiga da fita. Ta kai hannu wuyanta ta ji wayam. Ta tsaya a gaban ƙofar, jakarta a kafaɗa, ta ba shi baya. Sai da ya ɗauki lokaci kafin ya gane katinsa take jira ya buɗe mata.